Yadda Masu Wasan Sinobod Ke Haɗa Shingayensu a Bayan Gida, da Lissafin da Ke Hana Karaya

Duk wanda ya taɓa kallon gasar Olamfik ta lokacin hunturu ya ga matasan nan da ke ɗaure ƙafafunsu biyu a kan allo guda, su gangaro daga tsauni a kan dusar ƙanƙara, su hau kan ƙarfe su zame, sannan su tashi sama su wulwula kafin su dira. Wannan allo shi ake kira sinobod. Filayen da ake yin gasar a cikinsu manyan injuna ne ke sassaƙa su, irin su PistenBully na Jamus da Prinoth na Italiya, kuma kuɗin da ake kashewa ba na wasa ba ne. Amma yawancin 'yan wasan ba a nan suka koya ba. A jihohin Minnesota da Utah na Amurka, da lardin Kebek na Kanada, da ƙasar Finlan, yara da matasa kan haɗa nasu shingayen a bayan gida da katako da roba da shebur.

Dama can wasan daga hannun masu ƙere-ƙeren gida ya fito. A shekarar 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen a garin Muskegon na jihar Michigan ya haɗe sandunan ski guda biyu ya ba 'ya'yansa mata su yi wasa, abin da daga baya aka sayar da sunan Snurfer. Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a jihar Vermont a 1977. Hatta injin farko da ya riƙa sassaƙa kwarin nan mai siffar rabin bututu, wato Pipe Dragon, wani manomi ne a Colorado mai suna Doug Waugh ya ƙera shi a farkon shekarun 1990. Sai a 1998 wasan ya shiga Olamfik a Nagano ta Japan, shi kuwa rukunin da ake bin shingaye ɗaya bayan ɗaya sai a 2014 a Sochi.

Shingayen gida iri uku ne galibi: akwati, ƙarfe, da tudun tashi. Biyun farko aikin kafinta ne da mai walda. Na ukun kuwa ba ya buƙatar komai sai shebur, kuma shi ne mafi haɗari, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

Akwati: sirrin yana saman

Akwati shi ne abin da mai koyo ke farawa da shi. Dogon benci ne mai santsin sama, wanda ɗan wasa ke hawa ya zame daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na masu koyo kan kai tsawon mita 2.5 zuwa 3, faɗin santimita 30 zuwa 40, tsayi kuma bai wuce santimita 30 ba. Dalilin faɗin shi ne tsakiyar allon kansa kimanin santimita 25 ne, saboda haka idan akwatin ya fi shi faɗi, mai koyo zai tsaya daram kamar yana ƙasa. Ana haɗa ƙashin akwatin da katakon tu-bai-fo, a sa giciye duk bayan santimita 40 ko ƙasa da haka don kada saman ya lotsa, a rufe sama da gefe da filawud. Wannan duk kafinta zai gama shi kafin la'asar.

Inda ake kuskure shi ne abin da ake shimfiɗawa a sama. Ƙasan sinobod da wata roba ake yin sa mai suna P-Tex, dangin folitilin, kuma gefensa biyu ƙarfe ne mai kaifi. Idan wannan ƙarfe ya haɗu da katako tsirara, sai ya nutse ciki kamar yadda wuƙa ke kama allon yanka, allon ya tsaya cak, mutumin da ke kai kuwa ya ci gaba da tafiya da fuska. Shi ya sa ake shimfiɗa falangen robar HDPE mai kaurin milimita 6 zuwa 12. Wannan roba ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce ake yin jarka da ita, da farin allon yankan nama na kicin. A Kanada kuwa ita ake jerawa a bangon filin wasan hoki, shi ya sa samunta ba wuya a can. Tana da santsi, ba ta shan ruwa, kuma ba ta fashewa a sanyi.

Sai dai tana da hali guda da ke ba mutane mamaki: tana miƙewa da zafi, tana tsukewa da sanyi, fiye da katako nesa ba kusa ba. Falange mai tsawon mita 3 zai iya canzawa da kusan santimita guda idan yanayi ya sauya da digiri 30. Wanda ya ɗaure ta tamau a cikin gareji mai ɗumi, ya fitar da ita cikin sanyi, zai tarar ta ja sukurorin. Wanda ya ɗaure ta cikin sanyi kuma, ranar da rana ta buɗe sai ta kumbura ta yi tozo a tsakiya. Maganin shi ne a huda ramin sukuru ya ɗan fi sukurun faɗi, kada a matse shi har ƙarshe, kuma in da hali a ɗaura robar a waje, cikin irin sanyin da za a yi wasa a ciki.

Kan kowane sukuru dole ya nutse ƙasa da fuskar robar da aƙalla milimita 2. Bayan an gama, ka bi saman da tafin hannu, daga nan ka ja gefen tsohon ƙarfe a kai. Duk inda ya maƙale, nan allon zai maƙale. Gefen robar ma a goge shi da magagari ko samfefa ya zama mai lanƙwasa. Idan falange ɗaya bai kai tsawon ba har sai an haɗa biyu, na bayan ya zama daidai da na gaban ko ya ɗan fi shi ƙasa da kaɗan, kada ya fi shi tudu ko da kaurin farce ne.

Ƙarfe da bututu

Na biyu shi ne ƙarfen zamiya, wanda aka kwaikwayo daga ƙarafan riƙewa na matakalar bene. Bututun ƙarfe ne mai faɗin kimanin santimita 5, wani lokaci guda biyu a jere don a samu wurin tsayawa, a yi masa waldar ƙafafu masu faɗin gindi. Dokar santsi ɗaya ce da ta akwati: duk wurin walda a ƙasa ko a gefe yake, abin da ya taso sama kuma a gurje shi da giranda har ya ɓace. Bakin bututun na farko a lanƙwasa shi ƙasa ya shige cikin dusar ƙanƙara, domin buɗaɗɗen bakin ƙarfe da ke kallon mai tahowa masifa ce.

Akwai abu ɗaya da masu haɗawa a gida kan tsallake don ganin ba shi da amfani, wato rufe tsakanin ƙafafun da filawud. Idan ka lura da ƙarafan manyan filaye za ka ga galibi a rufe suke. Ba ado ba ne. Mutum yakan zame ya faɗo gefe, kuma idan akwai rata, hancin allon ko hannu ko ƙafa na iya shigewa ƙarƙashi ya daki ƙafar ƙarfen alhali jiki na tafe da gudu.

Wasu kan nemi sauƙi su yi amfani da farin bututun ruwa na PVC. Yana zamewa, kuma yana da araha, amma a sanyi mai tsanani yakan yi gautsi ya fashe, tsagin kuma kaifi gare shi. Baƙin bututun magudana mai gurgura, wanda ake binnewa a ƙarƙashin hanya, ya fi shi aminci, don shi ma HDPE ne. Masu yawan hawa ƙarfe kuma kan dakushe kaifin gefen allonsu da magagari, musamman tsakanin ƙafafu biyu. Allon ya rasa ɗan riƙon da yake yi a kan ƙanƙara mai tauri, amma ya daina cizon ƙarfe.

Daga ina gudu zai fito?

Bayan gida galibi shimfiɗaɗɗe ne, don haka sai an gina dandamali a gangaro daga kansa. A nan lissafin makarantar sakandare ke aiki. Idan aka ajiye gogayya gefe, wanda ya gangaro daga tsayin mita 2 zai iso ƙasa da gudun kimanin kilomita 22 a awa. Idan aka ninka tsayin ya zama mita 4, gudun ba ya ninkawa, kilomita 32 kawai yake kaiwa. Ke nan hasumiya mai tsawo ba ta biyan wahalarta, sai dai ta ƙara haɗarin faɗowa daga sama. Dandamalin mita 1.5 zuwa 2, mai shingen riƙewa da katakan giciye a ƙafafunsa, ya isa akwatin bayan gida. Masu ɗaukar bidiyo a titunan Helsinki ko Minneapolis, inda ba gangara, kan yi amfani da doguwar igiyar roba da ake ja a saki, ko ƙaramin injin nannaɗe igiya mai amfani da fetur ko batir.

Tudun tashi: fara da wurin sauka

Ga inda nake ganin mafi yawan bidiyoyin koyarwa na intanet suna yi wa masu kallo illa. Za su nuna maka yadda ake tara dusar ƙanƙara, a kafa alluna a gefe, a tattake, a sassaƙa bakin tudun ya yi kyau, sai bidiyon ya ƙare. Wurin da mutum zai dira ba a ko ambace shi ba. Alhali tsayin da ka tashi ba shi ke karya ƙashi ba. Abin da ke karyawa shi ne bambancin da ke tsakanin kusurwar da kake saukowa da ita da kusurwar ƙasar da ta tarbe ka.

Masu bincike biyu a Amurka, Mont Hubbard na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da James McNeil na Colorado School of Mines, sun yi shekaru suna rubutu a kan wannan. Ma'aunin da suke amfani da shi mai sauƙin fahimta ne: a ɗauki ƙarfin bugun da jiki ya sha lokacin dira, a tambaya, daidai yake da faɗowa tsaye daga tsayin mita nawa a kan daɓe? Ga misali da alƙaluma. A ce bakin tudun yana da tsayin mita 1, kusurwarsa digiri 25, ɗan wasa kuma ya bar shi da gudun mita 8 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 29 a awa. Zai ƙara tashi sama da kimanin santimita 58, ya yi ƙasa da daƙiƙa guda a iska, ya dira a nisan kusan mita 6.6. Idan wurin shimfiɗaɗɗe ne, jikinsa ya sha bugun faɗowa daga mita 1.6, kamar wanda ya diro daga kan katanga, ga kuma ƙafafu a ɗaure. Amma a lokacin da yake isowa, yana saukowa ne a kusurwar kimanin digiri 37. Idan ƙasar da ke wurin gangara ce mai digiri 30, bambancin digiri 7 ne kacal, bugun kuma bai kai na faɗowa daga santimita 10 ba. Tsalle iri ɗaya, gudu iri ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau goma sha biyar.

To me ya sa mutane ke tsallake wurin sauka? Saboda nauyi. Tudu mai tsayin mita 1, faɗin mita 2, tsawon mita 3 yana cin kubik mita 3 na dusar ƙanƙara, kuma tattakakkiya kan kai kilo 400 zuwa 500 a kowane kubik mita. Fiye da tan guda ke nan da shebur. Wurin sauka kuwa dole ya fi haka faɗi da tsawo sau da yawa, don haka kafin a kai gare shi kowa ya gaji. Shi ya sa ƙwararrun masu hawa daji ba sa gina shi sam. Sukan fara neman gangarar da Allah ya yi, mai tsawo, marar duwatsu da kututture, sannan su koma baya su kafa tudun a inda zai jefa mutum cikinta. A ganina wanda ba shi da irin wannan gangara a bayan gidansa ya haƙura da tudun tashi, ya tsaya a akwati.

Tsawon gangarar ma abin dubawa ne, domin nisan tsalle ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. A kusurwar digiri 25, gudun mita 8 a daƙiƙa na kai mutum mita 5 kafin ya dawo daidai tsayin bakin tudun. Gudun mita 10 kuwa mita 7.8 yake kai shi. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari a gudu ya zama ƙarin kashi 56 a nisa. Kuma irin wannan ƙari ba sai da gangan ba: dusar da ta yi laushi da rana ta daskare da yamma, ko an goga wa allo sabon kaki, ko iska ta turo daga baya. Wanda ya wuce gangarar ya dira a shimfiɗar da ke ƙasanta ya sha bugu mafi muni, domin ya faɗo daga tsayin tudun haɗe da na gangarar baki ɗaya. Wannan matsala har manyan filaye ba ta bari ba. A 2007 wata kotu a jihar Washington ta ba wani matashi mai gudun ski diyyar dala miliyan 14 bayan ya shanye sakamakon dira daga wani tudu, kuma tsarin wurin saukar na cikin abin da aka yi shari'a a kai.

Shi kansa hawan tudun yana da ƙa'ida. Lanƙwasar da ke ɗauke mutum daga shimfiɗa zuwa hawa ta zama doguwa mai laushi. A gudun mita 8 a daƙiƙa, lanƙwasa mai tsaurin da'irar da rabin faɗinta mita 3 ne tana danna mutum ƙasa da ƙarin nauyin jikinsa sau biyu, kuma da zarar ya bar baki sai ta wurga ƙafafunsa gaba, kansa ya koma baya. Saukar ƙeya da gadon baya daga nan take fitowa. Idan aka buɗe lanƙwasar ta kai mita 8, ƙarin bai kai nauyin jiki ɗaya ba. Ƙarshen hawan kuma, aƙalla tsawon allo guda, ya zama miƙaƙƙe ba lanƙwasa.

Bayan an tara an tattake, a bar shi. Dusar ƙanƙarar da aka motsa takan haɗe jikinta ta yi tauri cikin 'yan awoyi, kuma wanda ya kwana ya fi. Idan ta jiƙe ta yi ruɓu-ruɓu a ƙarshen hunturu, akan watsa mata gishiri kaɗan: yana narkar da saman, narkewar ta zuƙe zafi, sai abin da ke ƙasa ya daskare. A busasshiyar dusa mai tsananin sanyi dabarar ba ta aiki, kuma gishiri na kashe ciyawa yana sa gefen allo tsatsa.

Wayarka ita ce kayan awo

Duk alƙaluman nan ana iya auna su da wayar hannu. Manhajar Measure ta iPhone na da ma'aunin kusurwa, a Android ma akwai irinta da yawa kyauta. Ka kwantar da katako miƙaƙƙe a kan gangarar, ka ɗora wayar a kai, ka karanta digiri. Kada ka yarda da ido, domin gangara kullum tana yi wa wanda ke tsaye a samanta kamar ta fi yadda take tsauri.

Gudu kuwa, GPS na waya ba shi da amfani sosai a tazarar mita goma. Kyamara ta fi. Ka kafa sanduna biyu a gefen hanya, mita 2 tsakaninsu, daf da tudun, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya a hoto 240 cikin daƙiƙa, ɗan wasan kuma ya wuce ta gefen tudun ba tare da ya hau ba. Idan hancin allon ya ɗauki hoto 60 daga sanda zuwa sanda, rubu'in daƙiƙa ke nan, gudunsa mita 8 a daƙiƙa. Manhajar Kinovea ta kwamfuta, wadda kyauta ce, tana ƙirga hotunan har ta auna kusurwa. Da an san gudun, sai a kafa tuta a wurin da kowa zai fara gangarowa, kada wani ya haura ta.

Idan sama ba ta zubo ba

Tun 1950 wasu injiniyoyi uku a jihar Connecticut suka ƙera injin yin dusar ƙanƙara, kuma yau ana haɗa ƙaraminsa a gida da injin wankin mota mai matsi da injin iska irin na masu faci. Injin wankin na fesa ruwa ƙanana-ƙanana, iskar da aka matse kuma idan ta fito ta buɗe sai ta yi sanyi ta samar da ƙwayoyin ƙanƙara, ɗigon ruwan ya daskare a jikinsu kafin ya faɗo. Sharaɗin shi ne sanyin ya kai kimanin digiri 2 ƙasa da sifiri a ma'aunin da ke haɗa sanyi da laimar iska. Busasshiyar iska na taimakawa sosai. Injin da ke fesa lita 10 a minti zai ba da kubik mita ɗaya da 'yan kai a awa idan komai ya tafi daidai, wato ya isa hanyar akwati a dare guda, amma bai isa wurin sauka ba.

Da bazara kuma akan shimfiɗa ciyawar roba a kan dandamalin, a jiƙa ta da ruwa da ɗan sabulu. Kamfanoni sun mayar da wannan dabara sana'a, kamar Snowflex na Ingila da Neveplast na Italiya, kuma da yawa daga 'yan wasan Birtaniya a kan irin waɗannan shimfiɗu suka taso. A Afirka, wurin da ake samun filin shingaye a kan dusar ƙanƙara a fili shi ne Afriski da ke tsaunukan Lesotho, a tsayin fiye da mita 3,000, inda hunturu ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta.

Ko a kan ciyawar roba ko a kan dusa, hular kwano dole ce, haka ma abin kare wuyan hannu, domin karayar wuyan hannu ita ce raunin da ya fi samun masu koyon sinobod, saboda mutum da hannu yake tare ƙasa idan ƙafafunsa na ɗaure. Kewayen akwati da ƙarfe a share shi aƙalla mita 3 ta kowane gefe, hanyar fita kuma kada ta nufi katanga ko itace ko titi. Sukurori na tasowa da kansu saboda daskarewa da narkewa, don haka ana bin saman akwatin da hannu kowace safiya kafin mutum na farko ya hau.